Wasan Kwaikwayo a Lise: Kada Mu Toshe Ƙofar da Aka Ba Mu Tsaronta

 

Duk shekara, idan zafi ya tsananta, karatu ya doshi ƙarshe, kwalejoji da lise-lise suka shiga shirin makon al'adu, sai saƙonnin murya su cika mana wayoyi. Wannan ya ce wasan kwaikwayo ƙarya ce tsagwaronta. Wancan ya ce ƙofar alfasha ce. Wani kuma ya yanke hukunci cewa duk uban da ya bar ɗansa ya hau dandamali ya tozarta amanar da Allah ya ba shi. Ana ta turawa daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ba wanda ya tsaya ya tambayi mai maganar inda ya ɗebo hukuncinsa. Ina da ja a kan wannan magana, kuma a nan ya dace in kawo jan nawa, domin a zauren nan wajibai muke tattaunawa, tarbiyyar ƴaƴa kuwa tana cikin manyansu.

Abin da nake gani shi ne, koya wa ɗaliban sakandare wasan kwaikwayo, wanda mutanenmu ke kira teyatur, aiki ne da ya kamata iyaye da malamai su nema da kansu, su tsara shi, su zauna su sa masa ido. Masu cewa a kashe shi gaba ɗaya niyyarsu kyakkyawa ce, ban yi shakka ba, amma maganinsu ƙara wa ciwon ruruwa yake yi.

Mu fara da hukunci, tunda da shi ake tsorata mutane. Wanda ya gaya maka malamai sun haɗu a kan haramcin wasan kwaikwayo bai gaya maka daidai ba. Saɓani ne sananne. Shaikh Bakar Abu Zaid ya rubuta littafi sukutum yana hana shi, hujjojinsa kuma ba na wasa ba ne. Shaikh Ibn Usaimin ya halatta shi bisa sharuɗɗa, matuƙar bai ƙunshi abin da shari'a ta hana ba. Waɗannan biyun ƙasarsu ɗaya, zamaninsu ɗaya, mashayarsu ɗaya, ba kuma wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Sunna saboda wannan mas'ala. To don me mu a nan za mu mai da ita ma'aunin gane mai kishin addini da maras kishi? Wanda ya zaɓi ya hana ɗansa yana da magabata, ba zan zarge shi ba. Abin da na ƙi shi ne ya ɗauki zaɓinsa ya mai da shi dokar gari, ya kira sauran iyaye masu sakaci.

Babbar hujjar masu hani ita ce ƙarya. Suna cewa yaro ya tsaya ya ce shi ne sarki alhali ba sarki ba ne, ya ce an sace masa saniya alhali ko akuya ba shi da ita. Allah gafarta malam, mece ce ƙarya? Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba domin ya ɗauka haka yake. Wa ya shiga filin makaranta ya zauna a kan benci yana zaton yaron nan na ajin ƙarshe, wanda ya san ubansa da uwarsa, ya zama sarkin Damagaram da gaske? Mai yi ya sani, mai kallo ya sani, an yi yarjejeniya tun kafin a fara. Da wannan ƙarya ce, da sai mu fara da zaurukanmu. Shekara nawa Zaidu ya yi yana dukan Amru a darasin nahawu, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba? Sannan ga Muƙamatul Hariri, wanda malamanmu na soro ke karantarwa da alfahari, ba a ma kai almajiri gare shi sai ya yi nisa. Maƙama hamsin ce, gaba ɗayanta labarin Abu Zaidis Saruji ne da Harisu ɗan Hammam, mutanen da Hariri ya ƙaga da kansa. Abu Zaidu kuwa ɗan damfara ne mai sauya kama, yau mai wa'azi, gobe almajiri, jibi tsoho mai kai ƙara. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, tun daga lokacin malamai ke karanta littafin, suna yi masa sharhi, suna tsamo lugga da hikima daga cikinsa. Idan ƙagaggen mutum ya halatta a kan takarda, sai a kawo mana dalilin da ya haramta shi don kawai ya miƙe tsaye.

Hadisin da ya yi narko ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya gaskiya ne, muna kuma jin tsoronsa. Amma a duba wanda ya fi dacewa da shi a yau: yaron da ke wasan da kowa ya san wasa ne, ko mai ƙaga labari a kan wani bawan Allah ya watsa a waya a matsayin abin da ya faru?

Koyarwa ta hanyar nunawa kuwa ba baƙuwa ba ce a addininmu. Sayyidina Usman ya sa an kawo masa ruwa ya yi alwala a gaban mutane domin su ga yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi. Malik ɗan Huwairis ya yi salla a gaban jama'a, ya bayyana musu cewa manufarsa ita ce ya nuna musu siffar sallar Annabi. Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum mai fararen tufafi, ya zauna gaban Manzon Allah yana tambaya a kan Musulunci da imani da ihsani, alhali ya san amsa, domin sahabbai su ji su koya. Na san abin da za a ce: mala'ika da umarnin Allah ya zo, ba a yin kiyasi da shi. Na karɓa, ban ce wannan nassi ne a kan teyatur ba. Abin da na ce shi ne, abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya bisa abin da kunne ya ji, kuma an yi amfani da wannan a mafi alherin majalisai.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba: abin da ake gani a makon al'adu na wasu makarantu. A nan ina tare da masu kuka. A tara kuɗi jaka-jaka daga hannun ɗalibai, a yi hayar kayan sauti, a kwana uku ana kiɗa, ƴan mata da samari a cakuɗe har bayan isha'i, a sa wa wani yaro zane da ɗankwali ya fito yana karairaya ana shewa, wani ya fito yana kwaikwayon tafiyar wani malami gurgu ko maganar mai i'ina da kowa ya san shi. Wannan ɓarna ce. Namiji ya yi shigar mata an la'anci mai yinsa a hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari. Kwaikwayon wani sanannen mutum don a yi masa dariya giba ce da jiki, Annabi ya nuna wa Uwar Muminai A'isha ƙin hakan. Ba mai musun wannan.

Amma a tsaya a yi tambaya: wa ya koya wa yaran nan abin da suka yi? Ba kowa. Nan ne gizo ke saƙar. Abin da muke gani a dandamalin nan aikin yaran da aka sake ne, ba malami, ba tsari, ba wanda ya karanta abin da za su faɗa, sai abin da suka kwaso daga TikTok da waƙoƙin finafinai. Shugaban makaranta ya ba da fili ya koma ofis. Malaman da ke da kamun kai sun ce su ba ruwansu da wasa. Iyaye sun ce haramun ne, suka zauna gida. Da duk masu hankali suka janye, wa ya rage? Rashin koyarwa ne ya haifi abin da muke kuka da shi, sai kuma mu ce maganinsa a ƙara janyewa. Wanda ya ga yara na tuƙa babur da ganganci ba ya cewa a rufe makarantar koyon tuƙi.

Mun ga an gwada wannan hanya a maƙwabta. A 2016 gwamnatin Najeriya ta yi shirin gina ƙauyen shirya finafinai a jihar Kano, malamai da dama suka tashi da huɗubobi, aka janye shirin. Ba na shiga cikin ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, ƙasarsu ce, sun fi ni sanin abin da suka hango. Tambayata ɗaya ce: an daina fim? Yau a wace waya ce a Maraɗi babu shi? Sha'awar kwaikwayo halitta ce a jikin ɗan Adam. Yarinya ƴar shekara huɗu tana goya ƴar tsana tana yi mata faɗa da muryar uwarta, ba wanda ya koya mata. Wannan ruwa ne mai gudu. Ko a yi masa magudana, ko ya shiga gidaje.

Masu cewa abin na Nasara ne su ma a ba su rabin gaskiyarsu. Dandamali da labule da rubutaccen wasa ta hanyar lakwal suka zo mana. A makarantar William Ponty ta Senegal, inda su Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, a shekarun 1930 ana sa ɗalibai su tattaro al'adun garuruwansu lokacin hutu su mai da su wasa. Amma kwaikwayo kansa mun riga Faransa saninsa a ƙasar nan. Tashe fa, da yara ke yi cikin watan azumi, a garuruwan da ke cike da malamai, suna zolayar marowaci da malalaci da gwauro? Wasan kara na Damagaram fa, inda samari ke shirya kaya da karan hatsi su kwaikwayi masu mulki, masu mulkin kuma su zo kallo? Kakanninmu sun gane cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa gaban babba sai an sa mata rigar wasa.

Waɗanda suka girma a zamanin Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki a 1974, sun san abin da samariya ta yi da teyatur, sun san yadda jihohi ke gwabzawa a bikin matasa na ƙasa. Sun san Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram, yadda gida ke yin tsit idan wasansu ya zo a rediyo ko talabijin. Yazi Dogo malamin makaranta ne, a riƙe wannan. André Salifou, masanin tarihi ɗan Damagaram, da ya so mutane su san Sarki Tanimu, wasa ya rubuta a kansa. A Kano kuma Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai, mai tafsirin Alƙur'ani, tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni yana sukar zalunci da jahilci da su. Shin waɗannan duka ba su san addini ba ne, sai mai saƙon murya na minti uku?

Yanzu bari in zo kan abin da mafi yawan masu gardamar ba su taɓa gani ba, wato darasin kansa idan an samu mai koyarwa na ƙwarai. Mutane na zaton koyon wasa shi ne koyon ba da dariya. Dariya ita ce ƙarshen abin da ake nema.

Darasin farko numfashi ne. Ana tsayar da yaro, ƙafafu a kafe, kafaɗu a sake, a sa ya ɗora hannu a cikinsa ya ja iska har ya ji cikin ya taso, sannan ya fitar da magana a kan wannan iska. Wanda ke magana daga maƙogwaro yana shaƙewa cikin minti biyar, wanda ke yi daga ciki na bayan fili zai ji shi ba tare da ya yi ihu ba. Daga nan sai fitar da haruffa: a bambanta ƙ da k, ɗ da d, ts da s, kada a haɗiye ƙarshen kalma. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi zai gane wannan aiki nan take, domin maharijul huruf ne da wata riga. Sai tsayuwa: kada ka juya wa jama'a baya, kada ka ɓuya bayan abokinka, kada hannuwanka su riƙa yawo ba dalili, ka san inda za ka ajiye idonka. Ku gaya mini, limamin da zai hau mumbari gobe, da malamar da za ta tsaya gaban aji, da likitan da zai yi wa ƴan ƙauye bayanin rigakafi, da lauyan da zai kare marayan da aka cinye wa gado, wanne ne ba ya bukatar wannan? Sau nawa muka zauna a huɗubar da ilimi ya cika ta, amma rabin masallaci na gyangyaɗi saboda mai yin ta ya kafa kai a takarda yana gunguni?

Darasin da ya fi wuya shi ne sauraro. Sabon ɗan wasa ba ya jin abin da abokinsa ke faɗa, jira kawai yake a zo kansa ya zubo abin da ya haddace. Malami na ƙwarai yakan ɗauke takardar, ya ce wa yara biyu: kai ka zo biɗar bashin da ka ba shi tun kaka, kai kuma ba ka da ko dala, kuma surukinka ne, ku fara. Dole kowanne ya saurari ɗan'uwansa, domin amsarsa daga can za ta fito. Da irin wannan hanya ƙungiyoyin teyatur na ƙasarmu suka yi suna: a zauna tare a tsara ƙashin labari, kowa ya san abin da zai faru a fitowarsa, maganar kuma ta fito daga bakin ɗan wasa. Yaron da ya yi wata shida yana wannan aiki ya koyi abin da manya da yawa suka rasa, wato ya bari mutum ya gama magana.

Sannan akwai tambayar da ake yi wa kowane ɗan wasa kafin ya buɗe baki: mutumin nan da kake wakilta, me yake so, me kuma ya hana shi samu? A ba yaro ɗan gata matsayin talibin da ke yawo da roba cikin sanyin hunturu. A ba mai saurin fushi matsayin uban da ɗansa ya kunyata shi gaban jama'a. A ba yarinya matsayin kishiyar da kowa ke zagi, a ce ta nemo dalilinta. Ba za su iya ba sai sun shiga zuciyar wani sun zauna. Muna karantar da su kullum cewa imani ba ya cika sai mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ta yaya zai so masa, alhali bai taɓa tsayawa ya ji yadda takalminsa ke matsa masa ba? Wa'azi yana gaya wa yaro cewa tausayi wajibi ne, wannan darasi kuma yana sa shi ya ɗanɗana.

Ku dubi kuma halin da ajinmu ke ciki. Malami na shifta, ɗalibai na kwafa, a haddace, a zubar ranar jarrabawa. Ana karanta wasannin Moliyer a matsayin darasin Faransanci, a yi sharhi a kan marowacin nan nasa da ya fi son akwatin kuɗinsa bisa ƴaƴansa, amma ba a taɓa cewa yara su tashi su yi shi ba, alhali don a yi shi aka rubuta shi. Sakamakon shi ne mai takardar bak wanda idan aka ce ya yi bayanin minti biyu gaban mutane goma sai gumi ya karyo masa, Faransancin ya gudu, Hausar ma ta ƙi zuwa. A 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Madalla. To a ina yaran za su koyi tsayawa su yi magana da ita tsab, da karin magana da ladabin zance, ba gaurayen da muke ji a bakin titi ba? Ban san wani fili a makaranta da ya fi wannan dacewa ba.

Sharuɗɗan ba masu yawa ba ne, kuma ba sa bukatar kuɗi. Ba a wakiltar Annabawa, ba a wakiltar mala'iku, ni a ganina har sahabbai a bar su. Ba a sa yaro ya furta kalmar kafirci ko ya rantse da Allah a kan abin da bai faru ba da sunan wasa. Marubuci mai basira yana da hanya ɗari ta nuna mugu ba tare da wannan ba. Namiji ba ya shigar mace, mace ba ta shigar namiji. Za a ce to yaya za a yi labarin gida ba uwa? A rubuta shi yadda uwar tana cikin ɗaka, ana jin tasirinta a bakin ƴaƴanta. Sau da yawa wanda ba a gani ya fi nauyi a wasa. Ƴan mata su sami ƙungiyarsu ƙarƙashin malama, su yi wa iyayensu mata da ƴan'uwansu. Kada a ce tunda abin da wuya a bar maza kawai su yi. Yarinyar da za ta zama ungozoma ko malamar Islamiyya ta fi kowa bukatar murya, kuma akwai maganganun da suka shafi mata, irin su cire yarinya daga makaranta da wahalar haihuwa da zaman kishi, waɗanda ba mai faɗarsu daidai sai su.

Akwai sharaɗi guda da nake so in ja layi a ƙarƙashinsa, domin masu hani da masu goyon baya duka ba su cika ambatonsa ba. Haɗarin da ya fi girma a wannan harka yana wajen gwaji, lokacin da ba mai kallo. Babban mutum mai iko a kan maki, da yarinya ƴar shekara 16 mai son a ba ta babban matsayi, a aji bayan an tashi: wannan ita ce kaɗaitar da shari'a ta hana, kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Gwaji ya kasance da rana, a cikin makaranta, ƙofa a buɗe, da babba fiye da ɗaya, a tashi idan an kira salla, kowa ya isa gida kafin magariba. Uba ya sa hannu kafin ɗansa ya shiga. Kada a ɗauki hoton ƴar kowa a watsa a Facebook ba da izninsa ba. Makarantar da ta kasa cika wannan ta haƙura da wasan, ni ne farkon mai cewa a hana ta.

Saura aiki. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyayen ɗalibai, kuma galibi ba a tuna ta sai ranar karɓar kuɗi. Ya kai uba, kafin makon al'adu na bana, je ka sami shugaban makarantar ɗanka. Tambaye shi wane malami ne ke kula da ƴan wasa, a wace rana suke gwaji, kuma ka ce a ba ka labarin ka karanta. Idan ya ce babu malami, ka nemi a naɗa. Idan ya ce babu labari, a nan ne malamanmu na addini za su shigo, domin ba wanda ya kai su tarin ƙissoshi: ɗan kasuwar da ke tauye mudu, magajin da ya danne rabon ƴan'uwansa mata, mai unguwar da aka kawo wa toshiya da dare, ɗalibin da ya sayi amsar jarrabawa ya zama likita. A ba malamin Faransanci ko na tarihi, ya zauna da yara su gina shi. Ranar wasa kuma a ajiye wa liman kujera a sahun gaba, shi ma ya daure ya zo.